Neman Mai Waƙar Makulli, Ni da Ragon Baba

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidanmu na Kazaure, igiyar rago a hannuna, ƙullin babbar riga a hammata, ƙaramar rediyon Baba mai cin kaset tana rataye a wuyana. Duk wanda ya gan ni a layinmu ya ɗauka ƙaura zan yi.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Mahaifina yana da wani kaset da ya saya a kasuwa tun muna yara, irin na kwafi, an rubuta masa suna da biro: Cindo Mawaƙin Babura, ga hoton wani mai gashin baki an liƙa. Waƙa ɗaya ce a ciki wadda Baba ya mutu a kanta. Murya ce ta namiji, mai kauri, a kan wata ganga mai nauyi, ana yi wa wani marowaci zambo: "Mai makulli a wuya, ina kwana? Sukari na kuka a akwati, shayi ya zo ya tarar ba kowa." Tana tafiya har inda mawaƙin ya ce, "Ranar da makullin nan zai faɗa rijiya, ni kuwa…" sai wani bijimin sa ya yi kuka, waƙa ta yanke. Baba kan yi dariya har da hawaye, ya ce wallahi da maƙwabcinmu ake. Mu kuwa mu sunkuyar da kai, don makullin akwatin sukarin gidanmu a wuyansa yake kwana.

Da ciwo ya kwantar da shi bana, sai ya kira ni. Ya ce shekara da shekaru yana jin daɗin waƙar bawan Allah a kaset ɗin sata, mai ita bai ga ko goro ba, kuma shi ba zai je kabari da haƙƙin mawaƙi ba. In kai rago da riga, in danƙa a hannun mai waƙar, in nemar masa gafara. Ya ce duk wanda ya ce tasa ce, ya ƙarasa baitin da kukan bijimin nan ya katse. Likita ya riga ya gaya mana jikin ba na jira ba ne, shi ya sa ban yi musu ba.

A bakin ƙofa Inna ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Habibu, ka bar dabbar nan a gida, wahalar banza za ta sha."

Baba ya ɗaga murya daga ɗaki, "Ke, ina ruwanki da harkar mawaƙa?"

Ta koma wajen hura wuta.

Hanyar Babura

A tasha direban bas ya dubi rago ya dube ni, ya ce kujera biyu zan biya. Na ce a but za a sa shi. Ya ce but ɗin buhunan dawa ne, kuma shi ya san halin rago. Haka ragon ya samu wajen taga, ni na zauna a tsakiya.

Ba mu kai Achilafiya ba na yi kuskuren kunna kaset. Wayyo! Mota ta kaure. Wani ɗan kasuwa da ke shiga Nijar ya rantse ya sayi waƙar nan da sefa, kuma sunan wani Bazabarme ne a jiki. Wata tsohuwa ta ce ƙarya ne, mawaƙin ɗan garinsu ne, aljanu suka ɗauke shi. Direba ya ce shi a wayarsa take, kuma wanda ya tura masa ya rubuta sunan wani mawaƙin da ya rasu kafin a ƙirƙiro kaset. A shinge mai duba motoci ya leƙo, ya ga rago a taga, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji gangar. Ya ce, "Kai, waƙar kawuna!" Na ce yallaɓai ina kawun yake? Ya ce ai bai san shi ba, a gida dai haka ake faɗa. Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A Kanya Babba muka tsaya aka sauke dawa. Na sayi ƙosai na karya, ragon ya cinye takardar da aka naɗo shi da rabin ƙosan.

Babura

Hantsi ya ɗaga muka shiga Babura. Ban sha wahalar neman Cindo ba, ina nuna hoto aka ce, "Au, Mawaƙi? Yana layin masu hatsi." Zuciyata ta yi fari. Na ce ashe yau zan kwana a gida.

Na tarar da dattijo a gaban tabarmar gero, gashin bakin nan na hoto yana nan, ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya amsa, sai na ji murya siririya, kamar ta ɗan tsako.

Ya ga kaset a hannuna ya ce, "Innalillahi, kai ma? Yaro, wallahi tallahi ko kiran kaji ban iya ba."

Ya ba ni wuri ya zayyana mini. Wani mai kwafin kaset ne, Sale, ya taɓa zama kusa da rumfarsa. Mutane ba sa sayen kaset marar suna da hoto, shi kuwa Sale duk wanda ya ga yana da fuskar mawaƙa sai ya ari hotonsa. Tun daga nan Cindo bai huta ba. An taɓa ɗaukarsa a mota har gidan biki, aka miƙa masa lasifika, ya yi ta rantsuwa, aka ce jan aji yake yi. Surukinsa na fari ma sai da ya ƙi ba shi mata, wai ba ya haɗa zuri'a da maroƙa.

Na ce, "Baba, to ko za ka gwada ƙarasa baitin?"

Ya ce, "Ka rufa mini asiri. Ragon dai ya yi kyau, amma ba nawa ba ne."

Ya ce Sale ya tashi tuntuni, amma ya ji ana cewa a Gwiwa akwai makaɗin da ke yin waƙar a gidajen suna. A zauren Cindo na kwana. Matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, wani Bafulatani abokin cinikinsa ya ƙara mana da fura da nono mai kyau. Rago ya kwana yana tauna gefen tabarmar, ni ina ba da haƙuri.

Kazaure, a tsaye

Mai zuwa Gwiwa daga Babura dole ya ratsa ta Kazaure. Ga rufin gidanmu ina hange daga tasha, amma ba halin shiga, don Baba ya ce kada ya sake jin kukan ragon nan a gidansa. Na kira ƙanwata a waya, ta ce jiya ko kunu bai sha ba, tambayarsa ɗaya ce, an ga mawaƙin? Hankalina ya tashi ƙwarai. Sai Inna ta karɓi wayar.

"Habibu, ragon ya ci abinci?"

"Inna, ni ba za ki tambaye ni ba?"

"Kai da ƙafarka ka tafi. Ka dawo gida haka nan."

Na ce ba zan dawo wa Baba hannu rabbana ba. Na ji ta ja numfashi kamar za ta faɗi wani abu, sai ta kashe wayar.

Gwiwa

Babu mota a lokacin, sai ɗan acaɓa. Aka ɗaure rago a tsakiyarmu, ƙahonsa a haƙarƙarina, kowane rami muka faɗa sai na ambaci sunan Allah. Kafin mu isa, labari ya riga mu: wani ya zo da rago yana neman mawaƙi. Na sauka na tarar da mutum uku suna jirana a gindin bishiya, kowa da gangarsa.

Na farko ya ce shi ya yi ta, kuma bijimin da ya yi kuka nasa ne, ja mai farin goshi, ya sayar da shi shekarar da aka yi fari. Na biyu ya ce ƙarya yake, ba sa ba ne, raƙumi ne. Na uku kurma ne, 'yan'uwansa suka kawo shi, suka ce waƙar ce ta cinye masa kunne.

Na ce to madalla, a ƙarasa baiti. Mai sa ya gyara murya ya ce, "ni kuwa sai in sayi mota." Mai raƙumi ya ce, "ni kuwa sai in tafi Makka." Jama'a suka rabu biyu, aka fara nuna wa juna yatsa. Ni dai na san ba a zuwa Makka da sukarin akwati. Raina ya ɓaci, na ce su ji tsoron Allah, mutum na kwance rai a hannun Allah suna wasa da wasiyyarsa. Nan jikinsu ya yi sanyi. Mai sa ya ja ni gefe ya ce gaskiya shi ma a kaset ya koya, kuma Sale yana nan da ransa a Roni, yana gyaran fitila da rediyo.

Roni

La'asar ta yi muka shiga Roni ta tsakanin duwatsunta, a bayan wata akori-kura, ni da rago da buhunan gawayi. Sale tsoho ne mai ido ɗaya da bakin surutu, ko kunya babu. Ina nuna masa kaset ya washe baki ya ce, "Kai, wannan ta ciyar da ni!"

Na ce, "Malam Sale, don girman Allah, wane ne mutumin?"

Ya ce, "Wane mutum? Ai babu namiji a waƙar nan."

Ya ce a da yakan kafa tebur a Kazaure ranar kasuwa. Wani ya kawo gyaran rediyo da kaset a ciki, ya kunna ya ji wata mata tana daka tana waƙa. Ya ce bari ya kwafa. Rediyon da ke juya kaset ɗin batirinta ya yi sanyi, tana ja da ƙyar, wadda ke ɗauka kuwa lafiyarta ƙalau. Da ya saurari abin da ya fito, mace ta koma ƙato, taɓarya ta koma ganga. Ya ce, "Wa zai sayi waƙar daka? Amma wannan, kafin azahar na sayar da goma."

Ya karɓi rediyon Baba, ya kwance bayanta, ya sa sukudireba ya murɗa wani ɗan abu a jikin injin, ya danna. Ganga ta tsinke da sauri ta zama turmi, tim, tim, tim. Murya ta haura, ta haura, ta tsaya inda Allah ya ajiye ta.

Jama'a, muryar da ta yi mini tawai ce. Muryar da ta ce in bar dabbar nan a gida. Kukan bijimin nan kuwa, da ya zo, sai na ji Baba ƙarara yana cewa, "Salamu alaikum."

Na zauna a ƙasa, dariya na cina, hawaye na zuba. Sale ya ce ko ragon nasa ne, tunda shi ya fito da ita duniya? Na ba shi amsar da ba zan rubuta a nan ba.

Gida

A Roni na kwana, da safe na shiga gida da rago. Baba na jin kukansa ya yunƙura zai yi faɗa. Na ce, "Baba, na samo mai waƙar, a fara saurara." Inna na zaune a gefensa da kofin kunu. Na danna.

Ɗakin ya yi tsit, sai turmi. Baba ya rufe ido. Inna ta ƙura wa kofin ido kamar yau ta fara ganinsa. Da aka zo sallamar, ya buɗe ido a hankali.

"Hajara."

"Na'am, Malam."

"Ranar da makullin ya faɗa rijiya, ke kuwa me?"

"Ban kai can ba, Malam. Sallamarka na ji na yi shiru. Ƙanwarka ce ta danna jan maɓallin ɗaukar murya don tsokana."

"Shekarun nan duka kina ji ina yabon wani ƙato?"

"To in ce me? In ce muryata ce ake sayarwa a kasuwa?"

Ya ce, "Wato bijimin nan…"

"Kai ne, Malam."

Baba ya yi dariyar da tari ya sarƙe shi, muka tallafe shi. Da ya lafa, ya sa aka ɗora mata babbar rigar a cinya, aka miƙa mata igiyar rago. Sannan ya sa hannu a wuyansa, ya ciro makullin da zarensa, ya ajiye a tafinta. Ya ce, "Ki yafe mini. Da waƙar, da sukarin."

Ta ce, "Na yafe, Malam. Sukarin ma kada ya dame ka, maƙeri ya yanka mini nawa makullin tun kafin a haifi auta." Ta faɗa tana dariya. Ranar ya shanye kununsa tas, da sukari cokali uku, ita ta zuba.

Bai cika wata ba Allah ya karɓi abinsa. Ragon yana nan, Inna ta hana a taɓa shi. Na ce zan kai rediyon a mayar da ita yadda take, ta ce in bar mata haka. Ba waƙar take ji ba. Takan tura kaset ɗin can ƙarshe, ta saurari sallamar, ta amsa a hankali, ta mayar baya kaɗan ta sake dannawa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan lokaci. Na gode wa Baba Cindo da iyalinsa, Allah ya raba shi da masu gayyatar biki. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa mahaifina a addu'a.