Ranar da Yaya Khalilu Ya Ƙi Ɗaura Igiya a Tsamiya

Yaya Khalilu, wanda nake bi, mahaƙin rijiya ne. In ka taɓa shan ruwan guga a ƙauyukan nan namu na bayan Dawakin Tofa, to da wuya in ba shi ya haƙa rijiyar ba, ko kuwa ya yashe ta. Har Rijiyar Zaki an sha zuwa ɗaukarsa, tun wurin yana gonaki, kafin a cika shi da benaye. Ɗan ƙaramin mutum ne, baƙi, duk jijiya, ga rowar magana. Ni kuwa Sauda, Allah ya haɗa min surutuna da nasa ya ba ni. Shi ya sa ni ce zan ba da labarin nan, don in shi za a jira, sai kowa ya mutu ba a ji ba.

Tun yana saurayi yake shiga rami, kuma bai taɓa ko targaɗe a ciki ba. Dalili kuwa, yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Igiyar da yake ɗaurawa a ƙugu, komai yawan majiya ƙarfin da za su riƙe masa, sai ya kai ƙarshenta jikin bishiya ya ƙulle da hannunsa, ya ja ya gwada, sannan ya yi bismilla ya sauka. In an ce masa ai ga mutane, sai ya ce mutum yana iya yin atishawa ya saki. Iyakar bayaninsa ke nan.

Matarsa Asama'u ta rasu ta bar masa 'ya'ya maza biyu. Ni ma da nawa mijin ya rasu, sai na dawo gidan ina yi masa tuwo. Munir ne babba, yana awon hatsi a Dawanau. Ikrima ƙaninsa yana koyarwa a firamaren garinmu. Uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya, kowa da matarsa da sashensa. Yaran kirki ne wallahi, sai dai Allah ya zuba musu baki irin nawa, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Da aka gama fidda 'yan takarar shugaban ƙasa, sai kowa ya ɗauki nasa. Da fari abin har daɗi yake yi min. Bayan la'asar su baje a zaure, ina tsakar gida ina tankaɗe ina jin su. Munir ya ce nasa ya san zafin kasuwa, zai karya farashin taki, ya gyara hanya motocin hatsi su daina kwana a daji. Ikrima ya ce taki a bakin ɗan siyasa ai tun suna goye ake rabawa, nasa dai makaranta zai gyara, ya kori ɓarayin shanu. Munir ya ce naka ya canja jam'iyya ya fi yadda nake canja riga. Ikrima ya ce naka ko gero da maiwa bai iya bambancewa ba. A yi ta kumfar baki har a kira magariba. Ni dai tambayata ɗaya ce: cikin mutanen nan biyu, wa ya san akwai wani Munir ko wani Ikrima a duniya? Ba wanda ya taɓa ba ni amsa.

Ranar da abin ya lalace, Ikrima ne ya zarme. Ya ce duk wanda ya dangwala wa wancan mutumin, to zai iya sayar da uwarsa. A gaban mutane! Uwar nan kuwa tasu ce su biyu, tana kabari. Munir ya tashi ya fice. Washegari ya sayo zana ya raba tsakar gidan biyu, ya fasa wa kansa wata ƙofa ta baya. Gaisuwa ta mutu. Matansu suka daina aron turmi. Na yi faɗa, na yi zagi, na yi kuka, suka yi biris da ni. Yaya Khalilu kuwa kallon zanan kawai yake yi in zai fita masallaci. Amma ni da nake kwashe kwanonsa na san tuwo ya daina shiga. Mutumin yana ramewa a tsaye, saboda 'ya'yansa sun rabu yana raye.

Ana haka rani ya yi, zaɓe ya matso. Tuƙa-tuƙar garin ta lalace, jam'iyyun duka biyu suka ce za su gyara da zarar sun ci. Rijiyar gindin tsamiya, wadda ita ce ta farko da Yaya ya haƙa, ta koma sai taɓo take bayarwa. Shi kuwa ya daɗe da barin shiga rami saboda gwiwa. Kwatsam sai ya je wa mai unguwa ya ce shi zai yashe ta, amma ba mai riƙe masa igiya sai 'ya'yansa biyu. Uba ya faɗa a gaban mai unguwa, wa ya isa ya ce a'a?

Da hantsi gari ya taru. Na bi su da mayafina a kafaɗa, don zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu. Ya ratsa ta kan gungumen da ke bakin rijiyar, ya damƙa wa Ikrima gaba. Ya ɗauki ragowar ya nufi tsamiya. Sai ya wuce ta. Ya miƙa wa Munir ƙarshen igiyar a hannu, haka nan, sake.

Na ce, "Yaya, ka manta ba ka ɗaure ba!"

Ya ce, "Ban manta ba, Sauda. Matsa."

Na ce, "Waɗannan? Waɗannan da ko kallon juna ba sa yi? Kashe kanka za ka yi?"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya yi bismilla, ya zura ƙafa a 'yan ramukan takawa da ke jikin bangon rijiyar, ya yi ƙasa har muka daina ganin kansa. Ransa dai ga shi nan a tafin hannun mutum biyu masu gaba da juna.

Aiki ya kankama. Wasu na jan gugar taɓo da wata igiyar daban suna zubarwa. Ikrima na gaba, Munir na baya, kowa ya ɗaure fuska. To amma taron mutanenmu, ana saura kwanaki zaɓe, a ce a yi shiru? Ina! Wani ɗan tsurku ya ce ya ji a rediyo ɗan takarar Ikrima ya gudu, ya ƙi zuwa muhawara. Munir ya tuntsire da dariya. Ikrima ya juyo ya ce ƙarya ne, ai na Munir ne ba ya iya jimla biyu sai an rubuta masa. Shi kuwa Munir tun yana yaro ba ya iya magana sai ya nuna mutum da yatsa. Ina kallo, da idona, ya cire hannu ɗaya daga igiyar ya ɗaga.

Sai muka ji wani rugum daga ƙasa. Bango ya zabtare.

Igiyar ta fizge, ta yi ta gudu a hannunsu tana ƙara. Ikrima ya faɗi a gwiwa, tana jan sa zuwa bakin rijiyar. Munir ya cafke da hannu biyu, ya naɗe ta a damtse, ya zube da baya ya kafe dugadugansa a ƙasa. Ta tsaya, Ikrima kuwa ƙirjinsa na kan gungume, kansa na leƙen rami. Mata suka sa salati. Maza suka ruga za su kama.

Daga can ƙasa muryar Yaya ta taso, a sanyaye, kamar mai neman a miƙo masa buta: "Kada kowa ya taɓa. Su biyu."

Jama'a, yashi ya binne mutumin nan har ƙirji, ruwa na tasowa, bangon na ci gaba da zuba a kansa, amma wai kada kowa ya taɓa! Na ce, "Ku kama, don ubanku, ku rabu da shi!" Ba wanda ya motsa. Har mai unguwa ya tsaya da hannu a miƙe. Ban taɓa ganin magana ta daskarar da gari guda haka ba, kuma daga bakin mutumin da ba ya magana.

Ikrima ya ce, "Yaya, ja! Yaya Munir, don Allah ja!"

Munir ya ce, "Tashi ka tokare gungumen da ƙafa. In na ce hau, mu ja tare. Hau!"

Suka ja. Yashi ya riƙe, suka ja. Igiyar ta yi ja da jininsu, tana zamewa, suna sake naɗewa. Munir na kuka wiwi, majina har gemu, yana ta cewa hau. Can sai yashin ya saki. Ga kan Yaya, ga kafaɗa, ga shi duka, taɓo tun daga gira har ƙafa. Ya zauna a bakin rijiyar yana tari. Da numfashinsa ya daidaita, sai ya dubi masu guga ya ce a bar ta ta kwana, gobe a ɗaure bangon kafin a ƙarasa. Ka ji fa!

Tafin hannun yaran nan duk ya saɓule. Aka kai su aka naɗe musu da bandeji kamar 'yan dambe. Da na sauke tuwo, ba mai iya gutsura. Yaya ya zaunar da su a zaure, ya wanke hannu, ya riƙa gutsurowa yana ba wannan yana ba wancan, ƙarti masu gemu. Kada ka ce sun bar gardama. Da tuwo a baki Ikrima yake cewa nasa bai gudu ba, Munir yana cewa ya gudu. Ranar zaɓe kowa ya dangwala wa nasa, tare suka tafi, tare suka dawo suna musu. Ikrima dai ya durƙusa ya nemi gafarar wansa a kan maganar uwarsu, ina wurin.

Ni ce fushina bai sauka da wuri ba. Na kwana biyu ba na kula Yaya. Da na gaji, na same shi yana shafa man zafi a gwiwa, na tsaya a kansa na ce, "Yanzu fisabilillahi, da sun saki fa? Da yaran nan sun saki igiyar, me za ka ce wa Allah?"

Ya daɗe yana murza gwiwar. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Da sun saki, Sauda, me zan fito in tarar?"

Sai na zauna na karɓi man, na ci gaba da shafa masa.