Danshin Bango da Zoɓon Iya

Kakata Iya Lami zoɓo take sayar wa ma'aikata a bakin kamfanonin Challawa. Bayan magariba take hura murhu a tsakar gida ta ɗora tukunyar gobe, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta iya tatsuniyar dariya ba. Tata kullum sai wani ya halaka, amma ba mu taɓa fashin zama ba.

Wata rana ta ce, "Ga ta nan ta iso, matsoraci ya kama bakin zanena."

Wai wani mutum ne ya gina ɗaki a kan koramar da ke gudu ta ƙarƙashin ƙasa, bai sani ba. Da safe ya ga danshi a bango, bai fi kan yatsa ba, ya ɗebo laka ya shafe. Washegari danshi ya dawo, ya sake shafewa. Haka yake ta yi har ranar da yana tsakiyar cin tuwo bangon ya ɓalle, ruwa ya yi gaba da shi. Na tambaye ta me ya hana shi tonawa ya duba. Ta ce a ganinsa ƙaramin abu ne.

Tana magana tana hararar ɗanta, Babanmu, yana bakin ƙofa yana kaɗa kanwa a kofi. A kamfanin jimar fata yake aiki. In jiki ya yi tsami sai ya haɗiyi ƙwayoyin ciwon jiki ba komai a cikinsa, in cikin ya ɗau zafi ya bi da kanwa. Ya yi dariya ya ce ai gyambon ciki kowa a wurin aikinsu yana da shi.

Wata Asabar da la'asar ya dawo, ya sha zoɓo, sai ya durƙusa bayan randa yana amai. Jajir. Innarmu ta ce zoɓon ne, shi ma ya ce zoɓon ne, bari ya ɗan kishingiɗa. Ni kuwa na ga leɓensa ya yi fari. Iya ta zo ta tsuguna, ta tona aman da tsinke.

"Tun ba a haife ka ba nake dafa zoɓo," in ji ta. "Zoɓo ba ya guda-guda. A nemo mota."

A asibiti aka zura masa bututu mai kyamara ta maƙogwaro. Likita ya ce wata jijiyar jini ce mai kauri, wadda ba kasafai ake ganin irinta ba, ta huje a bangon tumbinsa, kuma ramin ɗan mitsitsi ne. Aka toshe ta, aka ƙara masa jini. Da ya kishingiɗa ɗin nan, da wuya ya tashi.

Baba na nan da ransa, Iya ce ta rigaye shi. Na daɗe ina zaton mu take son firgitawa da tatsuniyar nan. Sai da na girma na gane ba mu take yi wa ita ba, kuma duk cikinmu a bakin murhun nan babu wanda ya kai ta tsoro.