Kishimin Kawu Vendel

Bognár Vendel direban motar haya ne da ya ajiye aiki a wani ƙauye na yankin Zala, kuma duk ƙungiyar maharban ƙauyen babu mai taurin kai irin nasa. A dajin gwamnati suke farauta, kuma al'adarsu ba a harbin kishimi, wato namijin barewa, sai ya tsufa, ya bar baya, rassan ƙahonsa sun fara raguwa. Vendel ya riƙe wannan al'ada kamar addini.

Akwai wani kishimi mai yagaggen kunne da ya sa wa ido tun kishimin yana ɗan saurayi. Sau nawa ya saita shi ya sauke bindiga! Matarsa Ilus har tsiya take masa: "Kai dai kiwo kake, ba farauta ba. Ka kawo shi gida mana mu ɗaura masa ƙararrawa."

A bana ƙungiya ta ce dabbar ta kai harbi, kuma ta Vendel ce.

To, ashe wani attajiri ya sayi filin da ke jikin dajin, ya kewaye shi da waya, yana kawo baƙi su yi harbi. Ji mugunta: sai ya tara ƙasa ta yi tudu a bayan wayar, dabba ta iya tsallakawa ciki amma ba ta iya fita, ya kuma zuba barewa mata a ciki. Lokacin barbara na zuwa, kishimin Vendel ya faɗa ciki.

Vendel ya je ya sami Kálmán, mai kula da filin.

"Kai Kálmán, ba ka jin kunya? Wannan ai sata ce da rana tsaka!"

"Haba Kawu Vendel, da ƙafarsa ya shigo. Ko ka ba shi takardar ɗan ƙasa ne?"

Abin ya ci wa Vendel rai ƙwarai. Da sassafe ya ɗauki almakashin waya da wani ƙahon bijimi na busawa, ya bar bindiga a gida. Ya yanke wayar daidai wucewar dabba, ya koma gefe ya busa ƙahon, irin rurin kishimi mai neman faɗa. Can cikin kurmi aka amsa. Ya sake busawa. Sai ga mai yagaggen kunne ya fito fili, wuya a kumbure, yana tahowa kai tsaye wajen ɓarakar.

Saura ƙiris ya fita, bindiga ta tashi daga wata rumfar maharba da ke kan bishiya. Gwiwoyin kishimin suka lanƙwashe, ya kife.

Wani baƙo mai sabuwar hula ya sauko yana ihun murna. Kálmán na biye da shi, ya dubi wayar, ya dubi ƙahon da ke hannun tsohon.

"Kawu, sannu da aiki. Tun yaushe muke nemansa ya ƙi fitowa."