Hajiya Muniratu, Wadda Ta Ƙi Sayar da Tsufan Mutane

Da hantsi Hajiya Muniratu Rauf take buɗe ofishinta na unguwar Al Karama a Dubai, ɗaki ɗaya a saman wani shagon ɗinki. Sai ta ɗora ruwan shayi, ta sa tabarau, ta jira. Duk wanda ya shigo da zancen fansho sai ya sha shayi tukuna, domin a cewarta mai firgici ba ya jin shawara.

'Yar Zangon Kumasi ce, akanta kuma ta gaske. A da wani babban kamfanin ba da shawara kan dukiya take yi wa aiki a nan Dubai. Saboda Hausarta suka ɗauke ta, don sun lura mutanenmu sun fi sakin jiki da mai jin harshensu.

A can ta haɗu da Dakta Zainul Abideen, likitan yara ɗan Zariya, wanda ya daɗe yana aiki a Birtaniya kafin ya zo Dubai. Fanshonsa na can ya kusa kai iyakar da doka ta sa a lokacin, abin da ya haura kuwa haraji mai nauyi ne zai hau kansa. Hankalinsa ya tashi. Manajanta ya umarce ta ta lallashe shi ya kwashe kuɗin gaba ɗaya zuwa wani asusu a wani tsibiri, ya kuma yi mata alkawarin kamasho mai tsoka.

Ta zauna ta karanta sharuɗɗan asusun. Ta ga abin da za a riƙa yanka duk shekara zai fi harajin cin kuɗin. Ranar da Dakta ya zo sa hannu, sai ta tura ƙofa ta rufe.

"Dakta, ajiye biron nan," in ji ta. "Ita dokar da kake tsoro ta tanadi kariya. Nema ake yi, zan nuna maka hanya. Wannan asusun kuwa tsufanka zai cinye."

Ya ajiye biron. "To ke fa, Hajiya? Ai ba za su ƙyale ki ba."

"Khalas, shi ke nan, na riga na faɗa. Allah ne mai ciyarwa."

Ba su ƙyale ta ba. Kafin wata ya ƙare an sallame ta, bizarta kuma a hannun kamfanin take, ga 'yarta tana tsakiyar karatu. Ta sayar da motarta, ta koma ƙaramin gida. Dakta ne ya kai labarin kasuwar Naif, 'yan kasuwarmu suka tsaya mata har ta sami lasisi ta buɗe wannan ofis. Bara Dakta ya koma Zariya da fanshonsa lafiya lau, yana duba yaran unguwa kyauta.

Hajiya, ke ce garkuwar baƙo. Ke ce kike zaunar da makanikan unguwar Ras Al Khor ki hana su zuba kuɗin sallama a hannun dillalai. Ke ce in tambaya ta fi ƙarfinki kike cewa "ban sani ba", ki tura mutum wurin wanda ya sani, ko da ba za ki sami ko sisi ba.

A ƙarshen watan nan za ta rufe ofis ta koma Kumasi. Da Dakta ya kira ta ya tambayi ko ita ma ta tanadi abin tsufa, sai ta yi dariya ta ce, "Kaɗan ne, amma babu na kowa a ciki."

Mun gode, Hajiya. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya kai ki gida lafiya. Ku kuma da mutane ke miƙa muku gumin shekarunsu, ku faɗa musu gaskiya, ko da kujerarku za ta tafi.