Uwar Maƙerar Gidan Idrisa

Rabi'u, babban ɗan Idrisa maƙeri, ya gama lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram a shekarar 1952. Ran da aka ba shi takardarsa, malaminsu ya ba shi zaɓi: ko ya tafi koyon gyaran injuna, don gyaɗa na cika ƙasa kuma masu gyara sun yi kaɗan, ko ya zama komi, mai rubutu a ofishin Nasara. Rabi'u ya tuna shekarun da ya yi yana zuga cikin hayaƙi. Ya zaɓi alƙalami.

Ya dawo Matameye da farin wando, shekara uku ba a gaishe shi sai da rusunawa. Ƙanensa Sallau kuwa bai taɓa shiga aji ba. Cin rani ya kai shi Kano, ya koyo walda da gyaran injin ɓarar gyaɗa. Da ya dawo, tun daga Ɗan Barto da Yauri ake ɗoro ɓatattun injuna bisa jakuna a kawo masa. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, ma sun san ƙofarsa.

Abin ya tsaya wa Rabi'u a rai. Ya wuce kasuwa, sai ya ji ana cewa, "Ga wan Sallau nan." Ko a masallaci ya daina tsayawa kusa da shi.

Da ƙarfin Idrisa ya ƙare, aka fara maganar uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ƙira a kansa, wanda ya gada daga kakansa. Wanda ya karɓe ta shi ne magajin gidan. Rabi'u ya riga kowa zuwa.

"Baba, ni ne babba."

Tsohon ya kama tafin hannunsa, ya shafa. "Hannu kamar na amarya. Me za ka buga a kanta, hatimi?"

"Ko me zan yi, tawa ce."

Sallau na gefe yana goge baƙin mai. "Baba, ba Yaya abinsa. Sai dai a nemo masa masu ɗauka, kada wandon ya ɓaci."

Mutum biyu suka kai ta ɗakin Rabi'u. Ya zuba ido yana jiran aikin ƙanen ya tsaya, tunda a kanta yake ƙira. Bai tsaya ba. Sallau ya samo guntun ƙarfen layin dogo daga Kano, ya kafa, guduma ta ci gaba da tashi.

Idrisa ya rasu a 1958. Uwar maƙera na nan bayan ƙofar Rabi'u, tsatsa ta hau ta. Wata rana ya tarar da matarsa Hajara na fasa goriba a kanta, ya yi faɗa har maƙwabta suka shigo.

Magajin gida dai shi ne, ba mai musu. Amma baƙo ya shigo gari yana cigiyar maƙerar Idrisa, rumfar Sallau ake nuna masa. Sau biyu Rabi'un kansa aka tambaya, kuma ya nuna.