Ganye Mai Ɗigon Fari

A layin da take zaune ba a jefar da gwangwanin madara ko na tumatir. Wankewa ake yi a aika mata. Mijinta, tela mai shago a bakin titi, shi ya fara kiranta Uwar Gwangwani cikin tsokana, daga bakinsa sunan ya zagaye unguwa har ya danne na gaskiya.

Ba da shuka ta fara rayuwa ba. Ƙuruciyarta a masana'antar leda ta ƙare, a sashen yanka da ɗauri, inda warin roba mai narkewa ke bin mutum har cikin gashin kai. Da tari ya kama ta ya ƙi saki, likita ya dubi hoton ƙirjinta ya ce ta zaɓa, ko aikin ko numfashin. Ta zaɓi numfashin, amma ta fito da wani ciwon da hoto ba ya nunawa: tsoron duk abin da ba ta san da me aka yi shi ba. Turaren fesawa, alewa mai launi, kayan wasan yara na roba, duk sai ta sa tabarau ta juya bayan kwalin tana karantawa. Maigidan yakan ce ko ruwan sama ne ya zo, sai ta tambaye shi takardar shaida.

A bayan ɗakinsu akwai ɗan lungu tsakanin katanga da banɗaki. Nan ta jera katakai, ta huda gindin gwangwanaye da ƙusa, ta cika su da ƙasa. Na'a-na'a, ɗoɗɗoya, ciyawar shayi, barkono. Duk wanda ya haihu a layin, ko ya tashi daga jinya, ko ya koma sabon gida, gwangwani yake samu daga gare ta, an naɗe shi da guntun ƙyallen da ya rage a shagon tela.

"Wannan ba ya ruɓar da haƙori, ba ya toshe kwata," haka take cewa in ta miƙa.

'Yar ƙanenta sakatariya ce a wani kamfanin jigilar kaya. Kowace shekara, kafin a rufe ofis don hutun ƙarshen shekara, akan raba wa ma'aikata kwalin biskit da lemon kwalba cikin leda mai ƙyalli. A waccan shekarar aka kawo sabon manaja mai ciwon sukari, ya ce shi ba zai raba wa mutane abin da ya kwantar da shi ba, a nemo kyauta mai amfani ga jiki wadda ba za ta zama shara ba. Sakatariya ta ɗauko wayarta.

"Gwaggo, na samo miki aiki. Ma'aikatanmu gaba ɗaya."

"Ni? Ke yarinya, kada ki ja mini abin kunya."

"Wallahi babu wanda ya fi ki dacewa. Ki yi irin wanda kike yi, ki ƙara yawa kawai."

Ta yi. Maigida ya ɗinka jakunkunan ƙyalle yana mita yana dariya. A kowace jaka ta sa kwalbar zuma, ƙullin dabino, sabulu marar turare, sai gwangwani da shukarsa. Kwalaben ta dafa su a tafasasshen ruwa, zumar ta ɗanɗana, ta sa maigida ma ya ɗanɗana. Inda aka samu cikas shi ne na'a-na'a da ɗoɗɗoya ba su kai ba. Sai idonta ya faɗa kan wata shuka a ƙarshen lungun, mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari, kamar an yayyafa mata fenti. Reshenta ta tsinta a bakin wani otal ranar da masu gyaran fulawa suka yi aski suka zubar. Ba ta san sunanta ba. Ta dai ji ana cewa irinta tana tace iskar ɗaki, ga shi ba ta son rana da yawa, ga kyau. Shukar ta yi 'ya'ya a gindi, sai ta rarraba su ta cike gurbin da su. Ranar rabo ma su aka fi wawaso.

Ana cikin hutun, wata safiya da hantsi tana wanke-wanke, waya ta yi ƙara. Muryar sakatariya ce.

"Gwaggo, shukar nan mai ɗigon fari, mene ne sunanta?"

"Me ya faru?"

"Ki faɗa mini sunanta. Likita ne ke tambaya."

Kwanon da ke hannunta ya sulale cikin ruwan kumfa.

"Wane likita? Waye ba lafiya?"

"'Yar direbanmu. Ƙarama ce, yanzu ta fara tafiya. Ta tsinki ganyen ta tauna. Bakinta ya kumbura, yawu na zuba, kuka ma ba ya fita sosai. Suna asibiti. A ruɗe suka fito, ba su ɗauko ganyen ba."

"Ban san sunanta ba," in ji ta. Ta ji maganar ta fito daga bakinta kamar wata ce ta yi ta. "Innalillahi. Ban san sunanta ba."

"To ki ɗauko ta ki zo da ita. Yanzu, Gwaggo."

Ta shiga lungun, ta rungumo uwar shukar da bokitinta, ta fito ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Maigida ya hango ta daga shago, ya taso da almakashi a hannu.

"Lafiya? Ina za ki da daji a ka?"

Ta faɗa masa a taƙaice. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye almakashin a kan keken ɗinki, ya bar shagon a buɗe, ya tare tasi.

A cikin motar ganyen yana shafar fuskarta duk lokacin da aka faɗa rami. Tana kallonsa. Shekara da shekaru tana ba shi ruwa, tana goge masa ƙura da tsumma, bai taɓa yi mata komai ba. Wata zuciyar ta ce mata ƙila ba shi ba ne, ƙila yarinyar wani abin ta haɗiya. Kafin maigida ya ankara ta karya gefen ganye ɗaya, ta ɗora ruwansa a kan harshenta.

Da farko shiru. Sai kuma kamar an watsa mata garin kwalba a baki. Allurai ƙanana suka kama harshe, suka bi dasashi, suka nufi maƙogwaro. Hawaye suka zubo mata ba ta kira su ba.

"Ke! Kin haukace ne?" Maigida ya fizge ganyen ya jefar ta taga. "Tofar! Tofar da shi!"

Ta tofar a gefen zaninta. Abin da ke ranta ɗaya ne: ɗigo ɗaya ke nan, a bakin babba. Yarinyar taunawa ta yi.

A asibiti sakatariya ta tare su a ƙofar sashen gaggawa, ta ja ta har gaban likitar, wata doguwar mace mai gajiya a ido. Likitar ta kalli shukar sau ɗaya ta gyaɗa kai.

"Na yi zargin ita ce. Ruwan jikinta ke ƙona baki ya kumbura shi. Yawanci yana saɓewa. Abin da muke tsaro shi ne kada kumburin ya sauka ya matse hanyar numfashi. Mun ba ta magani, muna kallonta." Ta dubi bakin Uwar Gwangwani. "Mama, ke ma kin ci ne?"

"Na taɓa," ta ce, harshen ya yi mata nauyi.

Likitar ta girgiza kai, ta sa aka kawo mata ruwan sanyi ta kuskure baki.

Ta tagar ƙofa Uwar Gwangwani ta hango yarinyar a kan gado, leɓɓanta sun yi suntum, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Uwar tana zaune a gefe tana share mata yawu. A bakin ƙofar direban yake tsaye, babban mutum mai furfura a gemu, takalmansa ba iri ɗaya ba. Sakatariya ta ce masa, "Ga Gwaggona." Uwar Gwangwani ta sunkuyar da kai tana jiran zagi, ko mari ma, da ta karɓa.

"Mama," ya ce a hankali, "ni na zaɓe ta da hannuna. Na'a-na'a aka ba ni, na yi musaya da wani don wannan ta fi kyau. A ƙasa na ajiye ta, kusa da talabijin."

Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Tana zaune a benci sai wani tunanin ya dake ta, har ta miƙe tsaye. Ta damƙi hannun sakatariya.

"Sauran fa? Sauran gidajen?"

Sakatariya ta zaro ido. Nan take ta fara kira, ɗaya bayan ɗaya, Uwar Gwangwani na manne da ita tana sauraren ƙarar shigar kowane kira kamar bugun zuciyarta. Mai karɓar kuɗi ta kamfanin ta ce tata tana kan firiji, yanzu za ta sauke ta fitar. Wani makanike ya ce ya ba surukarsa, gidan kuwa cike yake da jikoki da suka zo hutu. Aka ce ya kira yanzu, ya ce bari ya gama cin abinci. Uwar Gwangwani ta karɓe wayar.

"Ɗana, don girman Allah ka ajiye cokalin nan," ta ce da kumburarren harshe. "Ina asibiti ina kallon 'yar mutane."

Ya kira. Aka samu gwangwanin a kan taga, ba wanda ya taɓa.

Wasu ba su ɗauka ba. Maigida ya karɓi kwatancen gidajensu ya hau babur ɗin haya, ya dinga ƙwanƙwasa ƙofofin da bai sani ba, yana dawowa da gwangwanaye a cikin buhu. Duk dawowar da ya yi sai ta leƙa buhun tana duba ganyen ko akwai shatin haƙori.

Wajen la'asar yarinyar ta tsala kuka, mai ƙarfi, har wata nas ta ce madalla. Uwar ta fito ta ce ta karɓi madara mai sanyi ta haɗiye. Uwar Gwangwani ta zame daga bencin ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannuwa. Washegari aka sallame su. Da ta je gidan dubiya, matar direban ta amsa gaisuwarta ta kawo mata ruwa, amma ta ɗauki 'yarta ta ɗora a cinya, ba ta sauke ta ba har baƙuwar ta tafi.

Duk gwangwanayen masu ɗigon fari sun dawo ban da na mai kula da sito, wanda ya yi tafiya garinsu kuma wayarsa a kashe. Kwanakin nan ba ta ci abincin kirki ba. Ranar da ya kunna wayar, sakatariya ta haɗa su, ya yi dariya ya ce ai shukar ba ta ma isa gida ba, a motar haya ya manta ta, ƙarƙashin kujera.

Uwar Gwangwani ta tafi tashar motar. Ta bi direbobi tana kwatanta gwangwani mai naɗin ƙyalle, har aka nuna mata wani dattijo mai share motoci. Ya tuna.

"Na gan shi. Wata mata ce ta ɗauka, ta ce zai yi kyau a falonta."

"Tana da yara?"

"Ina zan sani, Hajiya? Fasinja ce."

Ta daɗe a tsaye a cikin hayaniyar tashar, motoci na shiga suna fita.

Ba ta daina shuka ba, kuma kamfanin ya sake nemanta a shekarar da ta biyo, manajan da kansa ya kira. Ta karɓa bayan dogon nazari, da sharaɗin ba za ta sa komai a jaka ba sai abin da za ta iya taunawa a gabansu. Wata sabuwar ɗabi'a kuma ta same ta. In tana tafiya idonta na kan tagogi da barandar mutane. In ta hango ganye mai ɗigon fari sai ta tsaya ta yi sallama, ko gidan waye. Wasu su gode mata, wasu su ɗauka bara ta zo yi. Kwanan baya a wani shagon magani ta ga irin shukar a tukunya a ƙasa kusa da ƙofa, inda iyaye ke tsayawa da yaransu. Mai shagon ya ce shekara nawa tana nan ba ta ci kowa ba. Uwar Gwangwani ba ta yi musu da shi ba. Ta nemi kujera ta zauna kusa da tukunyar, ta ce ba ta sauri. Da ya ga da gaske take, ya kira ma'aikacinsa suka ɗaga ta suka ɗora a saman kanta, sannan ta tashi ta sayi maganin tarin da ya kawo ta.