Noelene, Wadda Ta Shekara Talatin da Takwas Tana Takun Maza

Kowace Laraba da ƙarfe ɗaya na rana, Noelene Pascoe za ta buɗe zauren taro na garinmu, Tarrawool, ta ɗaga tagogi. Sai ta kankare kyandir cikin garin katako, ta barbaɗa a dabe, ta ja buhu a kai daga wannan bango zuwa wancan har katakon daben ya yi santsi. Ta ɗora tukunyar shayi, sannan ta zauna ta ɗaura takalmin maza. Shekara talatin da takwas ke nan. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli.

Rawar da take koyarwa ta mutum biyu ce: namiji ya yi gaba yana jagora, mace ta ja da baya tana bi. To mu mazan garin nan, ba mu tumaki dubu mu aske, ba za ka ji uffan ba. Amma ce mana mu taka rawa a gaban jama'a, nan take kowa zai tuna yana da shingen gyarawa. Mata ashirin, maza uku, ɗayan ma kurma. Shi ya sa Noelene ta ɗauki takun maza, don kada mata su ƙare a jikin bango suna kallo.

Cikin matan akwai Glenys, matar Clarrie Hobb mai askin tumaki. Shekara talatin yana kawo ta, ya zauna a mota shi da jarida da kare. Ta roƙe shi ya shigo ko sau ɗaya, ya ce ƙafarsa ta aiki ce. In ya hango Noelene sai ya ɗaga hula ya ce a gaida mijin matarsa na Laraba.

Sai ciwon mantuwa ya kama Glenys. Ta manta hanyar gida, ta manta sunan karen, daga baya ta manta Clarrie. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Masu jinya suka gaya masa ba ta ɗaga kai sai in an sa kiɗan wals, irin na rawar Laraba, a lokacin ne ƙafafunta ke motsi ƙarƙashin kujera. Larabar da ta biyo baya, Clarrie, yana da shekara saba'in da huɗu, ya fito daga mota ya tsaya bakin ƙofa.

Noelene ta ce, "Ɓatan kai ka yi, tsoho? Mashaya tana gaba."

"Koya mini, Malama. Kafin ƙafar Glenys ita ma ta manta."

Ba ta goranta masa ba. A gefensa ta tsaya, kafaɗa da kafaɗa, yana kwaikwayon takunta, ta riƙa haɗa shi da matan ɗaya bayan ɗaya. Yana kama mace kamar tunkiyar da zai kayar, yana ƙirge da ƙarfi, idonsa a ƙasa. Matan suka ce gara a sa musu takalmin ƙarfe. Wata biyar ana haka. Kuma ta koya masa abin da shi, mijin shekara hamsin, bai sani ba: Glenys tana jan ƙafar hagu, ba ta son a janyo ta, kuma ba ta juyawa sai ta ji an ɗan danna mata baya da babban yatsa.

Wata la'asar suka tafi gidan tsofaffin, Noelene riƙe da akwatin kiɗa. Clarrie ya tada matarsa tsaye. Taku uku suka yi ta tsaya cak, ta dube shi cikin ladabi.

"Na gode, bawan Allah, amma ina da abokin rawa. Ina Noelene?"

Masu jinyar da ke wurin sun ce mutumin ya daskare, hannu a sama. Noelene ba ta karɓi Glenys daga hannunsa ba. Ta zagayo bayansa, ta zura hannunta ƙarƙashin nasa a bayan Glenys, ta danna. Glenys ta motsa. Su uku suka tafi tare, har Noelene ta zare hannunta a hankali ta koma ta zauna. Clarrie ya zagaya ɗakin sau biyu da matarsa. Da kiɗa ya tsaya, Glenys ta shafa hannun rigarsa ta ce ba laifi, ya iya, matarsa ta yi dace.

Sau ɗayan ke nan. Kafin sanyi ya shigo ƙafar ma ta manta.

Ke ce kika riƙe mana matanmu, Noelene, lokacin da muke zaune a mota muna ganin wayo muke yi. Uwar dabe, ke ce kika san inda za ki sa hannu, kika kuma san lokacin zare shi. Mu kuwa ko sau ɗaya ba mu tambayi wa ke jan ki ba.

Larabar da ta wuce Clarrie ya miƙa wa Noelene hannu, ya ce yau ita ce macen. Kiɗa ya tashi, ya yi gaba, ita ma ta yi gaba, suka yi karo. Suka sake, aka kuma. Ta yi dariya har ta dafa gwiwa, ta ce ja da baya ya ɓace mata, rabonta da shi tun tana budurwa. Mu ne muka ci mata wannan.

Mun gode, Noelene, ko da godiyar ta zo a makare. Ku kuma da ke zaune a mota da jarida, matanku na ciki kuma har yanzu sun san sunanku. Saura Laraba biyu. Ku kashe mota ku shigo.